Motar Da Ta Ƙi Ganina

Ku matso ku ji irin zaluncin da aka yi mini. Tun da aka ƙirƙiro taya a duniya, ba a taɓa wulaƙanta mutumin kirki kamar yadda aka wulaƙanta ni ba. Farar shaddata ta tafi. Takalmina na ƙafar dama har yau yana cikin siminti, ya zama wani ɓangare na ginin mutane. Yaran layi sun daina ce mini Injiniya. Mai aski, wanda a da yake goge mini kujera kafin in zauna, yanzu da ya hango ni sai ya kama gurnanin mota da baki. Kuma duk saboda wa? Saboda wani bawan Allah da ko hula bai iya karyawa ba.

Wani ne, direba. Shekara da shekaru yana jan wata tsohuwar akori-kura ta maigidansa, mai sayar da kayan gini a bakin layinmu. Shagona yana kallon nasu. Ni ne mai buga sitika da allon talla, kuma duk wanda ya san aiki mai kyau ya san ni.

Tsohuwar motar nan ba ta tashi sai da turi, ba ta tsayawa sai da dutse. Ƙofar direba igiya ce ke riƙe da ita. In ta mutu a hanya, gogan naku ko tsaki ba ya yi. Sai ya diro, hannu ɗaya a sitiyari, kafaɗa a jikin ƙofa, ya yi ta nishi yana kiran jama'a. Abin ya bi jikinsa, har matarsa ta taɓa kai ƙara wajen yayanta wai yana tura gado cikin barci.

Rannan sai Maigida ya sayo sabuwa. Sabuwar ƙira, wadda kamfani ya sake wa fasali tun daga hanci har wutsiya. Ƙatuwa, baƙa wuluk, sai ka taka matakala kafin ka hau. In ta tsaya a ƙofar kanti, kantin ne yake zama kamar ɗakin ajiyarta.

Maigida ya kira mutumin ya ce, "Ka gan ta?"

"Na gan ta, ranka ya daɗe."

"To in na ga ƙwarzane ɗaya a jikinta, ko na farcen kaza ne, ka koma tura baro. Ka ji ni?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Ya hau ya zauna. Ya laluba nan, ya laluba can. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari. Can sai ga shi ya tsallako titi, fuska duk gumi.

"Injiniya, an cuci Maigida. Motar nan ba a huda mata wurin makulli ba."

Gaskiya ne ban taɓa tuƙa mota ba. Amma na kalli tallar wannan a waya har na haddace kiɗan, kuma Allah ya ba ni kai. Na ajiye almakashi, na gyara wuyan riga, na ce ya biyo ni.

"Danna nan."

Ya danna. Ta yi wani gurnani ƙasa-ƙasa. Ya zabura har kansa ya bugi rufi.

"Ina kuloci?"

"Babu. Ƙafarka ta hagu ta yi ritaya."

"To giya fa?"

"Ita take sa wa kanta. Kai, wannan ba mota ba ce, ma'aikaciya ce. Tana jan tirela. In ka ɗaura wa gidan surukinka igiya, za ta kawo maka shi har nan da mutanen ciki. Tana hawa dutse, tana ratsa kogi, kai kana ciki kana shan sanyi. Ƙofar bayanta da kanta take sauka. Kujerarta tana gasa maka baya in kana ciwon ƙugu."

Ya buɗe baki.

"Rufe bakin, ban zo babban ba. Tana da ido. Gaba da baya. In ta ga mutum a gabanta, ko kana gyangyaɗi, da kanta za ta taka birki."

"Da kanta?"

"Da kanta."

"To ni me zan riƙa yi?"

"Kai za ka riƙa karɓar albashi kana gode wa Allah."

Kafin in koma shago na yi masa kyauta, don ni ba marowaci ba ne. Ina da sabuwar sitika ta tallar shagona, mai hotona: ina murmushi, gashin baki a gyare, na ɗaga babban yatsa. Na zagaya motar ina neman inda jama'a za su fi ganina. A tsakiyar hancinta sai na ga wani ɗan fili baƙi, sumul, yana sheƙi kamar gilashi, ba rubutu ba komai. Na ce lalle wannan saboda ni aka bar shi. Na manna, na shafe da tafin hannu.

Nan take wata 'yar fitila ta kama a gaban direba, motar ta yi ƙit-ƙit.

"Injiniya, me take cewa?"

"Godiya take yi. Sabbin motoci suna da tarbiyya."

Aka loda masa siminti ya tafi kai wa wani magini. Tafiya lafiya lau, har ya fara waƙa. Ya iso mahaɗa, danja ta ba da ja, ya taka birki. Sai inji ya yi tsit. Kamar an ɗauke wuta.

Ya dafe kai. "Ke ma? Ke ma ɗin?"

Daga baya ne na ji wai haka aka yi ta. In an tsaya sai ta kashe kanta don tattalin mai, in an saki birki ta farka. A tallar da na kalla ba su faɗi wannan ba. Ko kuma sun faɗa lokacin ina duba gashin bakina a gilashin wayar.

Gogan naku, ƙafa a kan birki, ya leƙo ta taga. "Jama'a, a taimaka da turi, don Allah!"

Mutane akwai tausayi. Mai faci ya ajiye bututunsa. 'Yan dako suka taso. Har wani mai kwat da jaka ya naɗe hannun riga. Suka jeru a bayanta, suka sa kafaɗa.

"Saki birki, malam!"

Ya saki. Ta farka, ta yi gaba. Masu turi suka zube rub da ciki a jere, kamar an shanya su.

Shi kuwa mutum ne mai ladabi. Ya ɗan matsa gaba ya tsaya don ya yi godiya. Ta sake yin tsit. Ya leƙo zai ce a ƙara taimakawa, sai ya hango su a madubi suna tahowa da gudu, mai faci riƙe da ƙarfen cire taya. Ba turi ne ya kawo su ba. Tsoro ya sa ƙafarsa ta zame daga birki, motar ta cece shi.

Da ya dawo sai da ya riƙe ƙofar shagona kafin ya iya magana. Bayan wandonsa sharkaf.

"Injiniya, duk inda na tsaya sai ta mutu. Na daddanna abubuwa ko za ta warke, sai kujera ta kama wuta. A tsaye na ƙarasa tuƙin."

Na yi murmushi irin na manya. "Sabuwa ce, ba ta saba da kai ba. Gwada ka take yi. Kada ka kuskura ka nuna mata tsoro."

"To in ta sake mutuwa?"

"Kada ka kira kowa, kana zubar mata da daraja. Ka yi mata yadda ka saba yi wa tsohuwar. Ka sauka ka nuna mata kafaɗa."

"In ta gudu fa?"

"Ta gudu ina? Ba na ce maka tana da ido ba?"

Ranar da abin ya faru, na ci ado zan je wajen mai hoto, don ina so in sake sitika. Farar shadda, guga kamar wuƙa. Takalmi sau-ciki, sabo fil, yana kuka in na taka. Turare kuwa sai da mai aski ya yi atishawa daga shagonsa.

A ƙofar kantin Maigida magina suna zuba daɓe. Siminti ɗanye, shimfiɗe, sun gama lailaye shi ke nan. A bayan daɓen an jingina gilasan taga da tayil da kwanukan wanke hannu, sabuwar oda, ko ledarsu ba a cire ba.

Sai ga mutumin ya shigo da mota. Ya taka birki a bakin fili. Tsit.

Na gan shi ya ja dogon numfashi. Ya buɗe ƙofa. Ya diro, hannu ɗaya a sitiyari, kafaɗa a jikin ƙofa.

Ta farka.

Ba ta yi gudu ba, kada in yi mata ƙarya. A hankali ta taho, da isa, kamar attajiri zai shiga banki. Gogan naku ya ja ta baya, ta ja shi gaba. Silifas ɗinsa ya tsinke, ya faɗi zaune. Mota ta miƙe ita kaɗai, ba kowa ciki, ta nufi gilasai.

Maigida ya fito daga kanti yana ihu. "Motata! Gilasaina! Motata!" Ya rasa wanne zai fara yi wa kuka.

Magina suka watsar da cebur. Kowa ya yi ta kansa. Ni kuwa na ga ranar da Allah ya ware mini ta zo. Na tsallaka titi ba gaggawa, takalmi yana kuka.

"Ku kwantar da hankalinku," na ce. "Yau za ku ga ilimi."

Na tsaya a gabanta, daɓe yana bayana. Na sa hannu ɗaya a ƙugu. Na ɗaga babban yatsa. Sai ga ni ina kallon kaina: fuskata a hancin mota, tana murmushi, tana matsowa.

"Tsaya," na ce.

Ta matso.

"Ke, ni ne fa."

Ta matso.

"Direba! Gaya mata ni ne!"

Na ja da baya taku ɗaya. Na ƙara wani. Bamba ta sumbaci tumbina. Na ƙara na uku, sai na ji babu ƙasa. Na tafi rigingine cikin siminti, ɗab, hannuwa a buɗe.

Ina kwance ina kallon ƙarƙashin motar. Zan faɗi gaskiya, an yi aiki a wurin, ko'ina tsaf. Ina cikin kalmar shahada sai na ji ƙiii. Ashe gogan naku ya taso da gudu ya yi tsalle ta ƙofar da ke buɗe, ya danne birki da hannu biyu, ƙafafunsa suna lilo a waje. Ta tsaya, hancinta a saman nawa.

Sai inji ya yi tsit.

Daga cikin motar muka ji murya a shaƙe: "Jama'a, a taimaka da tu..."

Layin gaba ɗaya ya amsa: "A'A!"

Aka kashe ta da gaske, aka ciro ni. Takalmin dama ya ƙi fitowa. Na ce a tono shi. Babban magini ya dubi hoton jikina a daɓensa, ya ɗauki cebur, ya ce in na sake matsowa zai ƙarasa aikin da motar ta fara. A gabana suka lailaye wurin, da takalmin a ciki.

Maigida ya zagaya motar yana shafa ta, har da hura mata iska. Ba ƙwarzane. Amma ransa ya riga ya ɓaci.

"Kawo," ya ce wa mutumin, ya miƙa hannu. "Baro yana bayan kanti."

Mutumin ya miƙa ɗan abin buɗe motar. "Ranka ya daɗe, ina da iyali. Wallahi an ce mini tana da ido."

"Ni ma haka aka ce mini!" Maigida ya zaro waya ya kira masu sayar da motar. "Kun sayar mini da makauniya! Ku zo ku ɗauki abarku!"

Ba a jima ba sai ga mutuminsu, da laƙataye da ƙamshi. Ya leƙa ciki ya ga 'yar fitilar nan mai godiya. Ya zagayo gaba, ya tsuguna, ya sa farce ya ɓamɓare fuskata daga hancin motar. Ya koma ya tayar da ita. Fitila ta mutu. Ya ja ta a hankali, ya sa wani magini ya gitta ta gabanta, ta ƙame tun kafin ya iso.

Ya ɗaga sitikar sama da yatsu biyu, kamar ya tsinci mataccen ɓera.

"Wa ya toshe mata ido da wannan?"

Ba a bukatar amsa. Ga hotona, ga lambar wayata a ƙasa, manya-manya. Aikina ba ya ɓoyuwa, ko daga nesa ana karantawa.

Kowa ya juyo. Ina tsaye da takalmi ɗaya, siminti ya fara bushewa, ko wuya ba na iya juyawa in kalli wani wuri.

Maigida ya dube ni ya daɗe. Sannan ya kamo hannun direbansa ya mayar masa da abin buɗe motar. "Riƙe. Kuma daga yau in wancan ya gaishe ka, kada ka amsa."

Na ga dai dole in ce wani abu, don mutunci.

"To, na ji, ni na manna. Ni kuma na ce ya sauka ya tura. Amma ku ma ku duba, jama'a. Mota mai tsada haka, ta ga babban mutum kamata a tsaye, ta rasa kunyar da za ta dakata?"

Gogan naku ya sunkuya ya ɗauki tsinkakken silifas ɗinsa. Ya kalli sitikar, ya kalle ni.

"Injiniya, tun ranar da ta zo fuskarka ke manne a idonta. Ko ni ne, sai na taka ka."