Tsallaken Malam Bubayero

"A gidana babu ɗan da zai wuce kafaɗata," in ji Malam Bubayero, yana dukan ƙirji a majalisarsu ta Takur. "Tsawon zuriyarmu a kaina ya ƙare."

Da ka ga mai maganar da ka yi dariya har da hawaye. Mutumin nan in zai sauka daga babur sai ya nemi dakali. 'Yan majalisa suna ce masa Dogo don tsiya, shi kuwa gogan ya ɗauka yabo ne.

Kwatsam sai ga ɗansa Musaddiq ya dawo hutu daga makarantar kwana. Yaron da ya tafi wando na jan ƙasa, ya dawo wandon ya tsaya a ƙwauri, murya ta buɗe, shiga ɗaki ma sai ya sunkuya. Ga bikin Khaulat, ƙanwar Bubayero, ya matso, za a yi hoton dangi, 'yan majalisa sun rantse sai sun ga wa ya fi wani.

Hankalin Dogo ya tashi. Ya sayo hula mai tsayi, ya sayo takalmi mai tudu, duk da haka haɓar yaron yake kallo. Ya kira matarsa Zinariya.

"Daga yau na hana dafa wake a gidan nan. Shi ke miƙar da yara."

"Har ƙosai, Malam?"

"Har ƙamshinsa!"

Musaddiq ya koma wa tuwo, yana ci yana ƙara miƙewa kamar dawa a damina.

Sai Bubayero ya tuna camfin tsofaffi, wai in aka tsallake yaro yana kwance, tsawonsa ya tsaya ke nan. Ana gobe biki, gida cike da mata ana aikin abinci, ya tarar da yaron yana barcin rana a tabarma. Ya tattare riga, ya ja da baya, ya sheƙo da gudu ya daka tsalle. Daidai lokacin Musaddiq ya ɗaga gwiwa. Dogo ya yi sama, hula ta yi gabas, shi kuma ya dira tsundum cikin bahon ƙullun alalen biki, waken da ya kora daga gida.

Musaddiq ya tsamo shi da hannu ɗaya. "Sannu Baba, daga ina ka faɗo?"

Dada, mahaifiyar Bubayero, ta gane komai. "Ka ƙyale mini jika," ta ce a gaban mata. "Wannan tsallake a kanka kaɗai na taɓa ganin ya ci. Na yi ta hana yayyenka, ba su ji ba."

Washegari aka jeru za a yi hoto, 'yan majalisa sun zuba ido. Mai hoto ya leƙa ya ce, "Yara su dawo gaba." Ya zo ya kamo hannun Bubayero.