Garar Auta da Katin Kanti

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Amma bari in fara da yadda muke a da.

Shekara talatin gidana na yin awo a wurin Hajiya Talatu a kasuwar Suleja. In ta gama auna maka shinkafa, sai ta dumbuzo da hannu biyu ta ƙara, ta ce ga gyara. Ba takarda, ba sa hannu. Ni kuwa mutum ne da ya yi yawo. Na yi fatauci tsakanin Jidda da Dubai, na zauna a Abijan, na leƙa Landan sau biyu. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci da Yarbanci, ga Hausar gado (duk wanda ya taɓa zama a majalisarmu ya haddace wannan jerin, don ba na bari a manta). Saboda haka da wani katafaren kanti a hanyar Abuja ya fito da katinsa, wanda za ka yi sayayya da shi ka biya ƙarshen wata, su kuma su riƙa tara maka maki a kan duk abin da ka saya, ni na fara karɓa a unguwarmu.

Na ɗaga shi a majalisa na ce, "Wannan shi ne gyaran zamani. Na ga irinsa a Dubai. Hannun Talatu nawa zai ɗebo?"

Abokina Malam Sani, tsohon malamin makaranta, ya ce, "To shi makin, nawa ne a naira?"

Na ce, "Sani, kai dai ka tsaya a alli."

An haɗo min katin da wata takarda mai ƙananan rubutu. Ban karanta ba. Mai harshe biyar ya zauna karatun takardar kanti?

Daga ranar na hana awo a kasuwa. Ko gishiri ne sai mun ƙona mai mun shiga cunkoson hanyar Abuja. Duk ƙarshen wata ina biya cif, don kada kuɗin ruwa ya hau kaina, kuma har wa'azi nake yi a kan haka. Saƙo kuma na shigowa wayata: makinka ya kai kaza. Cikin shekara biyu ya kai dubu ɗari shida. A kaina maki ɗaya naira ɗaya ce. Ban tambayi kowa ba, don wa zan tambaya da ya fi ni sani?

Sai bikin autata Zainab ya taso. Kuɗin da muka ware don gara, na kwashe su na yi rufin gidan da nake ginawa a Maje. Saura kwana biyar a kai gara, maiɗakina ta same ni.

"Alhaji, kuɗin garar fa?"

"Suna cikin kati."

"Ka gan su da idonka?"

"Hajiya, wannan harka ce ta waɗanda suka fita waje."

Ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya sa," ta koma kicin.

Ranar Laraba na sa babbar riga, na ɗauki Malam Sani a mota, musamman don ya gani ya tuba. Muka cika keken zuba kaya har uku: buhunan shinkafa, jarkokin mai, fulawa, sukari, katan-katan na taliya. Wata yarinya 'yar Kudu ce a kan na'urar biyan kuɗi. Ta gama lissafi, na miƙa kati da yatsa biyu, na ce mata da Turancin Landan ta cire duka daga makina.

Ta danna, ta duba, ta ce da Turanci makina naira dubu shida ne.

Na yi murmushi na gyara mata: dubu ɗari shida. Ta maimaita. Na maimaita, har da ƙara mata bayanin yadda ake yi a Dubai. Layi ya fara tsawo a bayanmu. Sai yarinyar nan ta dube ni da tausayi, ta ɗaga murya yadda ake yi wa kurma, ta ce:

"Baba, bari in yi maka da Hausa yadda za ka gane. Maki ɗari shi ne naira ɗaya. Abin da ka tara zai saya maka taliya leda biyar."

Jama'a, an yi min tambayoyi a filin jirgin Landan ban girgiza ba. Guguwa ta taɓa kama jirginmu a kan teku ban girgiza ba. Amma a nan sai da na dafa keken kaya. Shekara biyu. Man motar da na ƙona a zuwa ɗaya ya fi abin da suka tara min. Kuma wai ni ake juya wa magana zuwa Hausa don in gane.

Ta ce, "Ko in sa maka a bashin katin? Amma in wata ya ƙare ba ka biya ba, ruwa zai hau."

Na san ba ni da abin biya a ƙarshen watan. Na waiwaya wurin Malam Sani, sai na ga ya ɗaga kai yana nazarin fankar rufi kamar zai saye ta.

A nan ne aka yi sallama a bayana. Na san muryar. Alhaji Usman ne, mahaifin ango, ya taso daga ofis, riƙe da burodi da man goge baki. Tun yaushe yake tsaye? Tun kafin a koma Hausa. Ya dubi buhunan, ya dubi jarkokin, ya san ko na mene ne. Ya matso ya rage murya, ya zaro nasa katin.

"Alhaji, bari in biya. Ai duk gida ɗaya za su."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na sani. Amma uban ango ya sayi garar da za a kai gidansu? Zainab ta shiga gidan miji da wannan labarin a kanta, har jikokinta su ji? Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya saka da alheri, Alhaji. Gwada na'urarsu na zo yi."

Ya ce, "To madalla," ya mayar da katinsa aljihu (mutumin kirki ne, ko murmushi bai yi ba). Sai aka kira manaja ya soke kayan ɗaya bayan ɗaya, kowanne na'ura sai ta yi ƙara, muna tsaye. A mota, da muka shigo Suleja, Malam Sani ya ce, "Taliyar ma da ka karɓo."

Da na koma gida na gaya wa maiɗakina komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Gobe kai za ka je wurin Talatu. Da ƙafarka."

Na je. Shekara biyu rabona da rumfar. Hajiya Talatu ta ɗago kai daga kan buhu.

"A'a, Alhaji, an dawo daga Dubai?"

Na ce, "An dawo, Hajiya."

"Garar Zainab ce? Yarinyar da ake goyowa nan wurin? Zauna."

Ta haɗa komai, abin da ba ta da shi ta aika maƙwabtan rumfa suka kawo, ta ce in kawo kuɗin bayan biki. Da aka gama ɗaure buhunan, sai ta kwance bakin ɗaya, ta dumbuzo shinkafa da hannu biyu ta zuba.

"Ga makinka, Alhaji. Ka duba da kyau ko sun cika."

An kai gara ranar da aka sa, ba wanda ya ga gibi. Alhaji Usman bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai ya ƙara girmama ni in mun haɗu, wanda ya fi min zagi ciwo. Na koyi cewa jin harshe biyar ba ya karanta wa mutum takardar da ya ƙi buɗewa.

Awon gidana ya koma wurin Talatu, kuɗin cefane ya koma hannun Hajiya, kuma tun daga ranar ban sake ambaton Dubai a majalisa ba.