Nomau da Tukunyar Inna

A ƙauyen Kwanar Marke akwai wani gida mai ɗaki biyu da rumbu, mutum uku ne a cikinsa: Nomau, da matarsa Sahura, da mahaifiyarsa Inna Tabawa. Sai jaki da akuya da 'yan kaji. Nomau ba mahaukaci ba ne, ba kuma malalaci ba. Aibinsa guda ne: abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ya ragewa, ba ya ƙarawa, ba ya tambayar dalili. Mutane kan yi mamakin yadda Sahura ta yarda ta aure shi, ita kuwa ta san dalilinta. Tun suna zance ta taɓa ce masa ya jira ta a gindin marke, ta kai ruwa gida ta dawo. Aka tsare ta da aiki, ta manta. Da la'asar ta zo wucewa ta tarar da shi tsaye inda ta bar shi, ruwan sama ya zo ya yi masa duka ya wuce, bai matsa ba. Ranar ta ce a ranta irin wannan namijin ba kullum ake samunsa ba. Abin da ba ta hango ba shi ne gajiyar da ke cikin zama da shi.

Ita kuwa Inna Tabawa tsohuwa ce mai taurin kai da bushewar ciki. Abu biyu take ji da su a duniya: ɗanta, da wata baƙar tukunyar ƙasa da marigayi mijinta ya sayo mata tana amarya. Ba mai taɓa tukunyar nan sai ita. Da ruwa da tafin hannu kawai take wanke ta, ba yashi ba toka, don ta ce man da tukunyar ƙasa ta sha shekara da shekaru shi ke riƙe ta.

Wata rana, ranar kasuwa, wani mai magani ya zo da mota da lasifika, yana kiran kansa Likitan Hanji. Ya ɗora wata tukunya mai baƙin hayaƙi a kan motar, ya zuba mata ruwan magani, ya dirje, ya tsiyayo baƙin ruwa a gaban jama'a.

"Kun ga wannan? Haka cikinku yake. Tuwon shekara arba'in yana nan manne a hanji. Shi ne ciwon baya, shi ne kasala, shi ne basir, shi ne mantuwa, shi ne mugun mafarki."

Inna ta ji an lissafo ciwukanta kaf, har da wanda ba ta san tana da shi ba. Ta aiki Nomau ya sayo, ta ce ya saurari yadda ake sha. Mai magani ya ƙulla masa wani koren gari, ya ce kowa a gidan ya sha da safe, babba da ƙarami, mai ciwo da marar ciwo. Sahura ta ce ita cikinta bai yi mata laifin komai ba, ta ƙi. Nomau ya ba Inna, ya sha nasa, sannan ya bi jaki da akuya da kaji ya ɗura musu, tunda su ma a gidan suke kwana. Ranar jaki bai kai taki gona ba, a tsakar gida ya sauke nasa. Nonon akuya ya ƙafe. Sahura ta wuni da tsintsiya a hannu.

"Malam, wa ya ce ka ba jaki?"

"Kowa a gidan ya ce, Sahura. Bai cire jaki ba."

Inna kuwa ta fito daga ban ɗaki tana dafa bango, ta ce rabon da ta ji jikinta sakayau haka tun tana budurwa. Daga ranar ta kama sha ba ƙaƙƙautawa. Wuyanta ya fara tsawo, idanunta suka fara faɗawa, zaninta ya daina zama a ƙugu. Sahura tana gani, tana tsoron ranar da tsohuwar za ta shiga ban ɗakin nan a ɗauko ta.

Wata rana Nomau ya ji mai magani yana cika baki a lasifika, yana cewa duk wanda ya sha bai ga baƙin datti ya fita ba, ya kawo masa ya gani da idonsa. Nomau ya koma gida ya tambayi Inna ko ta ga baƙin datti. Ta ce ita dai ruwa take gani. Kasuwa ta kewayo, ya ɗauko tsohon bokiti da murfi, ya rungume shi kamar mai kai wa surukai fura, ya ratsa 'yan tumatir da 'yan ƙosai, ya dire shi a kan motar kusa da tukunya. Ya buɗe. Jama'a suka watse, mai ƙosai ta kwashe kaskonta tana tsine wa wanda ya haife shi.

"Ka ce a kawo ka gani. Ruwa ne kawai, ba baƙi."

Mai magani ya toshe hanci da hularsa, ya ce ai ba a kai ga dattin ba tukuna, yana can ƙasa, a ninka abin da ake sha. Nomau ya kawo saƙon yadda aka ba shi. Sahura ta roƙi Inna.

"Inna, ku dubi hannunku. Fata ce kawai ta rage."

"Ke 'yar nan, ciwo ne yake fita. Wanda bai sha ba shi ke da bakin magana."

Wata rana da hantsi Inna ta miƙe daga tabarma, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ta zube a bakin murhu. Aka ɗora ta a amalanke zuwa ƙaramin asibitin da ke garin gaba. Malamar asibitin, Malama Kubura, ta ja fatar hannunta ta saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ta sa mata ƙarin ruwa. Da Inna ta farfaɗo, Malama ta shinshina garin maganin, ta ce filasko ne da kanwa da abin da Allah kaɗai ya sani.

"Iya, hanji shi yake share kansa, ba ya ajiye tuwon bara. Abin da kike zubarwa ruwan jikinki ne da gishirinsa. In suka ƙare, ƙoda ta gaji, zuciya ta rikice, kuma hanjin ya saba sai an kore shi kafin ya yi aiki. In kika sake faɗuwa irin wannan, ban yi alkawarin za ki tashi ba."

Inna ta juyar da kai bango, ta ce yaran da aka haifa jiya su ne za su gaya mata cikinta. Malama ta ce a riƙa ba ta zogale da kuɓewa da gwanda, ta riƙa shan ruwa, ta riƙa ɗan taka ƙafa. Ta nuna wa Nomau yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ta ce duk lokacin da ta shiga ban ɗaki ta fito, a ba ta kofi guda. Nomau ya bar gona, ya dasa kujera a ƙofar ban ɗaki da kofi a hannu. Inna ta shiga wanka, kofi. Ta shiga ɗauko buta, kofi. Ta shiga koro kaza, kofi. Da abin ya ishe ta, ta lallaɓa ta zaga gidan maƙwabta. Tana fitowa ta gan shi tsaye a tsakar gidan mutane, ya yi sallama, ya miƙo kofi. Matan gidan suka yi dariya har da riƙe ciki. Inna ta yi kwana da kwanaki ba ta yi masa magana ba, amma idanunta suka ɗan ciko.

Wata rana Sahura ta kama Inna tana lalube a ƙarƙashin gado, tana neman ragowar garin, don cikinta ya ɗaure tamau tun da ta daina sha. Sahura ba ta iya zubar da kayan surukarta da hannunta, sai ta ba Nomau ƙullin, ta ce ya ɓoye shi inda Inna ba za ta taɓa gane shi ba. Nomau ya zauna ya yi tunani mai tsawo. Gari kore ne, kuka ma koriya ce. Ya juye shi cikin gwangwanin kuka, ya gauraya sosai, ya tabbata ko shi kansa ba zai gane shi ba. Ya zamana an kira gayyar yankan gero a gonarsu, Sahura ta tuƙa tuwo ta kaɗa miyar kuka ta aika wa 'yan gayya. Kafin azahar babu kowa a kan kunya, sai lauje a yashe da kawunan maza suna leƙowa daga bayan sabara. Geron ya kwana a tsaye, tsuntsaye suka yi rabonsu. Har yau a Kwanar Marke in Nomau ya kira gayya, kowa da guzurinsa yake zuwa.

Sahura ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin rumbu ta zuba tagumi.

"Malam, na gaji."

"To ki kwanta."

Ta dube shi, ta ga da gaske yake, har ya tafi ɗauko mata tabarma. Ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya, sai ta kwanta.

Wata rana Sahura ta tafi barka ƙauyensu. Inna ta ga dama ta samu. Ta kira Nomau, ta ce ya je ya ce wa Likitan Hanji ya ba shi mai ƙarfin, wanda ake sha sau ɗaya a gama, ya kuma buɗe ido ya ga yadda ake yi, ya zo ya yi mata daidai. Mai magani, da ya hango Nomau, ya fara duba hannunsa ko da bokiti. Da ya ga babu, ya ba shi kwalba cike da wani ruwa mai kauri. Nomau ya ce an ce ya ga yadda ake yi. Mai magani yana sauri ya rabu da shi, ya jawo tukunyarsa ta kan mota, ya zuba, ya dirje, ya tsiyaye.

"Ka gani? Haka za a yi a gida. A zuba, a wanke, a sake, kada a tsaya sai baƙin ya ƙare."

Nomau ya dawo ya tarar Inna tana barcin rana. Bai tashe ta ba. Ya duba gidan, babu tukunya mai baƙi kamar tata. Ya ɗauke ta ya kai bayan rumbu, ya zuba maganin, ya sa yashi da ɓawon masara ya dirje, ya tsiyaye baƙin ruwa. Ya duba, da saura. Ya ƙara. Haka ya yi ta yi har kwalba ta ƙare, ya ci gaba da ruwa.

Sahura ta shigo daidai lokacin da Inna ta farka tana tambayar maganinta. Jin haka Sahura ta saki ƙullin kayan barka da ke hannunta. Sai ga Nomau ya fito daga bayan rumbu, hannu duk ya saɓule, yana riƙe da tukunya. Gindinta ya yi siriri kamar ɓawon ƙwai, a tsakiya ga huda.

"Inna, na yi yadda ya ce. Sai dai baƙin bai ƙare ba, tukunyar ce ta ƙare."

Inna ta karɓa da hannu biyu. Ta ɗaga ta sama, ta hango hasken rana ta cikinta. Ta juyo ta dubi Nomau. Ta ce masa ya tsaya nan, kada ya motsa, don in ya matso kusa ba ta san abin da za ta yi masa ba. Ta shiga ɗaki da tukunyar ta saki labule.

Ta daɗe a ciki. Sahura tana jin shesshekarta, tana jin tana kiran sunan da ba ta taɓa ji ta kira ba, sunan mijinta. Can ta yi shiru. Da Sahura ta leƙa, ta gan ta zaune, tukunya a cinya, tana shafa bakin hudar da yatsa, ɗaya hannun kuma yana kan cikinta.

"'Yar nan."

"Na'am, Inna."

"Ban taɓa barin kowa ya sa mata yashi ba." Ta ɗago ta dubi Sahura. "Gwandar nan da yarinyar asibiti ta ce, akwai saura?"

Akwai saura. Ta ci, ta sha ruwa, ba ta ƙara aika kowa wajen motar lasifika ba. Cikin bai saki a ranar ba, sai a hankali, da zogale da kuɓewa da zagayen gona da safe. Tukunyar kuwa aka cika ta da ƙasa aka shuka na'ana'a, tunda yanzu ruwa yana da hanyar fita.

Amma a ranar da tukunyar ta huje, da la'asar ta yi, Sahura ta fito da kwanon tuwo ta tarar da Nomau tsaye inda aka bar shi, inuwar rumbu ta daɗe da barinsa.

"Malam, zo ka ci abinci."

"Inna ba ta ce in motsa ba."

Sahura ta dube shi yadda ta dube shi a gindin marke. Ta koma ta ɗauko tabarma da man kaɗanya, ta shimfiɗa a gabansa ta zauna, ta kamo hannunsa da ya saɓule ta fara shafa masa.