Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Ɗakin Baya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta rasa inda za ta kai kukanta, tsohon malamin lissafi, wanda abokan aiki ke kira Mai Gadi, yana sanar da rasuwar Gwaggo, kwamfutar da ta yi shekara goma sha uku a ɗakin bayan gidansa, tsakanin keken ɗinkin matarsa da kwalayen littattafai. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya.

Ga wanda bai san marigayiyar ba: a cikinta aka haifi manhajar nan mai tsara wa makarantu jadawalin darussa, wadda kowa ke ɗauka kyauta, kowa kuma ke da damar buɗe cikinta ya gyara. Mutum biyu suka fara ta, malamin da amininsa Dogo, mai koyar da zane. Gwaggo ce rumbunsu, ita ce zauren shawararsu. Duk wanda ya rubuto daga wata ƙasa da gyara ko ƙorafi, a wurinta saƙonsa ke sauka. Ba ta taɓa tambayar ɗan wane ne ba.

Mai haƙuri ce. Idan an kunna ta, ƙit ɗaya take yi, sannan fankarta ta kama huuu, kamar tsohuwa na jan numfashi a kan tabarma. Ta ga lokacin da masu aikin suka tashi daga biyu zuwa ɗari da wani abu, har gida ya yi wa kowa kaɗan, aka fara cacar baki a kan wa ke da ta cewa. A kanta aka rubuta ƙa'idoji: kwamitin mutum biyar da za a riƙa zaɓa duk shekara biyu, masu duba aikin wasu kafin a karɓa, masu fassara, da mai raba gardama. Malamin da hannunsa ya ƙara cewa kada kowa ya wuce zango biyu a kwamiti. Dogo ya yi masa dariya a rubuce, ya ce yana wasa wuƙar da za ta aske shi. Haka kuwa aka yi. Zangonsa ya cika shekarar da Dogo ya rasu, ya sauka ba tare da an ja shi ba, aka bar masa muƙami ɗaya: kula da Gwaggo.

Marigayiyar ba ta iya son kai ba. Bara, da kwamiti ya jefa ƙuri'a a kan kwashe aikin daga ɗakin baya zuwa manyan kwamfutocin haya, ita ta tattara ƙuri'un, ita ta kawo sakamako: huɗu sun ce a kwashe, ɗaya ya ƙi. Ba ta ɓoye ko guda ba. Malamin ya san suna da gaskiya, domin wuta na ɗaukewa a unguwarsu, makarantu kuwa ba za su jira ba. Ya taya su kwasar kaya. Wasiƙun shekaru shidan farko kawai aka bari, aka ce hira ce, ba aiki ba. A cikinsu akwai duk abin da Dogo ya taɓa rubuta masa.

Tun daga nan baƙi suka ɗauke ƙafa. Malamin kan share mata ƙura da safe, ya zauna ya buɗe tsohuwar wasiƙa ɗaya, ya karanta, ya rufe. Kullum yana cewa gobe zai kwafe su, gobe kuwa ba ta ƙarewa.

Ciwon ya fara da tari a fanka. Daga baya wani ƙas, ƙas, ƙas ya riƙa fitowa daga cikinta. Matarsa ta ɗago daga keken ɗinki ta ce, "Malam, wannan kukan ba na lafiya ba ne. Ka kai ta a duba." Ya ce tsufa ne kawai. Ranar Talata ya danna, ba ƙit, ba huuu. Mai gyara ya buɗe ta, ya kara faifan ajiyar bayananta a kunne, ya girgiza kai. "Baba, sai haƙuri. Abin da ke ciki ya tafi tare da ita."

An sanar da zauren aikin a ranar. Cikin kwana uku amsa uku ta zo. Wani ya aiko da hoton babban yatsa. Wani sabon shiga ya tambaya, cikin ladabi, wace kwamfuta ake nufi. Shugabar kwamiti, wadda malamin ya karɓi gyaranta na farko tana ɗaliba, ta yi ta'aziyya mai kyau, sannan ta tambayi abin da yake so a rubuta gaban sunansa a shafin masu muƙami, tunda gadin ya ƙare. Har yanzu bai ba ta amsa ba.

Marigayiyar ta bar manhaja ɗaya mai ƙoshin lafiya, makarantu masu yawa da ba su taɓa jin labarinta ba, kwamitin mutum biyar, allon madannai wanda harafin A ya goge a kansa, da wani murabba'i mai tsabta a kan simintin ɗakin baya, daidai mazauninta.

Za a fitar da ita ranar Asabar da safe. Malamin zai kama gefe ɗaya, matarsa ta kama ɗaya, zuwa bakin ƙofa, inda mai gwangwan zai karɓe ta. Faifan ajiyar ba zai bi ta ba. An naɗe shi a ƙyalle an sa a aljihun tebur. Ba a buƙatar kowa ya yi tafiya, an san nesa ce. Wanda ya san ta, ko ya riƙe wata wasiƙar Dogo a wurinsa, ya rubuto wa malamin kai tsaye. Yana duba saƙo sau uku a rana, wani lokaci ma fiye.