Ranar da Allura ta Ci Karya-Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa kwana a Rafin Ɗinya ya san Karya-Ƙarfe. In bai gan shi ba, to ya ji muryarsa. Maigidana ne, Allah ya jiƙansa, bana damina biyu ke nan da rasuwarsa. Sunansa na yanka ba zai fito daga bakina ba, sai dai in kira shi da wanda gari ya sa masa. Labarin nan rabinsa a idon jama'a aka yi, rabin kuma shi ya ba ni da bakinsa a jinyarsa ta ƙarshe, yana dariya har tari ya sarƙe shi. Don haka kada a ce na ci naman mamaci.

Ɗan tauri ne, irin mutanen nan da suka sha magani ƙarfe ba ya cin jikinsu. Ni ban ce babu tauri a duniya ba. Amma nasa taurin a harshe yake. Ranar kasuwa in makaɗa suka saki ganga, sai ya tuɓe riga, ya zaro wuƙa, ya dinga gurza ta a ciki, ƙiii, ƙiii, yana kirari. Shi ne dutsen da maƙera ke gaisarwa a durƙushe. Shi ne wanda aska ta gani ta nemi gafara. Abin da jama'a ba su sani ba, kowace Laraba sai ya zauna bayan ɗaki ya dasashe wuƙar nan a kan dutsen niƙa. Ko tuwon jiya sai ta yi da gaske kafin ta raba. Kaza kuwa in za mu ci, maƙwabta nake kai wa su yanka, don ya ce ƙarfe mutuwa yake a hannunsa. Gaskiyar magana, jini ne ba ya iya gani.

Sauran 'yan tauri in ciwo ya kama su, suna da yadda suke karya maganin na yini guda a yi musu allura ko ƙaho. Shi kuwa ya riga ya shaida wa gari nasa na gado ne, a nono ya sha, ba ya karyewa ko za a mutu. Da bakinsa ya toshe wa kansa ƙofa.

Ana nan sai Baba Jatau, Sarkin Taurin garinmu, ya ce ya tsufa. Ranar Alhamis mai zuwa bayan la'asar, a gindin tsamiyar kasuwa, zai cire layar shugabanci daga wuyansa ya rataya wa magajinsa. Mutum biyu ake kallo: Karya-Ƙarfe, da Barau Mahauci, wani mutum da in ya yi magana uku a yini to ya yi surutu. Shekara ashirin maigidan yana mafarkin layar nan. Har ya sa an ɗinka masa sabon warki.

Saura kwana shida, tsautsayi ya kai shi layin masu awo. Mata sun taru, ana neman mai sauke buhun masara daga kura. Ya ce a matsa, da hannu ɗaya zai ɗauka. Ya sunkuya, ya cicciɓa. Ƙas. Bayansa ya amsa. Ya yi murmushi, ya ce ya tuna an hana shi ɗaukar hatsi ranar Juma'a, ya tako gida kamar mai tafiya a kan ƙwai. Yana shiga zaure ya zube.

To, gaba kura baya sayaki. In ya je wurin wanzami, ƙaho sai an tsaga da aska, kafin magariba gari ya ji aska ta shiga. In ya je kemis, allura ce, kuma mai kemis surukin Barau ne. Na gasa masa da ruwan zafi, na shafa man zafi har idona ya yi ja, a banza. In zai juya sai ya kira sunan uwarsa. Masu zuwa tambaya kuwa sai in ce musu ya shiga halwa, yana sabunta magani.

Rana ta uku Tunau Direba ya zo gaisuwa. Tunau rediyo ne mai jini, abin da ya gani a tasha da safe kafin azahar ya kai ƙauye bakwai. Maigidan ya daure ya jingina da bango a zaure, ya haɗe rai irin na mai halwa. Cikin hira Tunau ya kawo labarin wani likita a birni da ya yi karatu a ƙasar Sin, wanda ba ya ba da ƙwaya, sai dai ya soka wa mutum wasu allurai sirara kamar gashin doki a bar su a jiki na ɗan lokaci. Ciwon baya, ciwon wuya, damuwa, rashin barci, duk ana zuwa. Shi ma kowace Litinin yana leƙawa saboda wuyansa da tuƙi ya sandarar.

Karya-Ƙarfe ya yi dariyar da ta ja masa zufa.

"Allah ya rufa wa likitan nan asiri da ni, Tunau. Ranar da na je, ya yi asarar kayan aikinsa."

Amma da Tunau ke kwatancen wurin, bayan tashar kwana, gida mai koren ƙofa, sai na ga maigidan ya kasa kunne kamar ana karanta masa gado.

Ya yi ta ja har Alhamis ta zo, baya bai saki ba. Ya lissafa, Tunau Litinin yake zuwa, yau babu idon sani. Bayan asuba ya sa babbar riga, ya naɗa rawani har hanci, ya maƙala baƙin tabarau. Ya ce mini in an tambaya, yana daji yana ganawa da iyayen gidansa.

"Ka gaishe su," na ce. "Ka ce su yi maka a hankali."

Ya harare ni, ya fita yana dogara bango.

Likitan saurayi ne mai fara'a, Dakta Nasidi. Ya tambayi suna, maigidan ya ce Alhaji Maiwada, falke ne daga nesa. Likita ya danna nan, ya danna can, ya yi masa bayani dalla-dalla: alluran sababbi ne, a gabansa za a buɗe, ba ruwan magani a cikinsu, zafinsu bai kai cizon sauro ba, in sun zauna ma mantawa ake yi da su. Wani yakan ji sauƙi tun ranar farko, wani sai ya yi ta dawowa. Abu ɗaya ya roƙa, kada ya tashi sai an cire duka.

Aka ja labule, ya tuɓe, ya kwanta rub da ciki. Ya tambaya ko akwai jini. Likita ya ce da wuya. Ya sake tambaya. Likita ya sake cewa da wuya. Sai ya ji wani abu mai sanyi ya taɓa ƙugunsa, ya ƙwalla salati har wata tsohuwa a bayan labule ta amsa.

"Alhaji, auduga ce. Gogewa nake yi."

Ya cusa fuska a matashi, ya damƙe ƙafar gado, yana jiran mutuwa. Shiru. Shiru. Can ya ce cikin muryar da ko ni ban san shi da ita ba:

"Likita, in za ka fara ka faɗa mini."

"Ai tara sun shiga. Ma sha Allah, Alhaji, fatarka ba ta ba da wahala. Kamar ana soka tsinke a dafaffiyar kabewa."

Ya ce mini wannan magana ta fi alluran zafi. Amma me? Sai ya ji wani ɗumi yana bin bayansa, jijiyar da ta ɗaure kwana shida ta fara saki kamar an kwance wa jaki dabaibayi. Mutumin da ya yi mako bai runtsa ba. Kafin likita ya gama, minshari ya cika ɗakin. Sauran alluran duk yana barci aka sa su.

Bai farka ba sai da likita ya dawo yana zare na baya yana jefawa a faranti, ƙyal, ƙyal. Ya ce sauran a ƙara musu minti biyar, bari ya karɓi wani baƙo. Ya fita.

Sai ga murya daga ƙofa, murya mai cika tasha.

"Likita bokan Turai, ka ganni yau ko? Litinin mota ce ta ƙi tashi."

Tunau.

Karya-Ƙarfe ya zabura. Ya duba jikinsa, allura huɗu a bayan hannuwa. Ya runtse ido ya fizge su, ya zura riga, ya yafa rawani a ka ko naɗawa bai tsaya yi ba, ya bi ta ƙofar baya wajen famfo. Mutumin da ya shigo yana dogara bango, sai ga shi ya tsallake kwata kamar ɗan akuya. Tasha ba ta shiguwa, duk abokan Tunau ne. Ya tare ɗan acaɓa ya ce har Rafin Ɗinya, ko nawa ne.

Suna kan hanya ya ji iska tana kaɗa masa yatsu. Ya duba. Babu takalmi. Jan takalminsa mai gashin jimina, wanda ko makaho a garinmu ya san ƙararsa, yana can ƙofar likita a jere da na marasa lafiya, daidai inda Tunau zai cire nasa. Ƙeyarsa tana ɗan ƙaiƙayi, bai ko kula ba, hankalinsa na kan takalmi. Ya yi ta saƙa da warwara. Kafin su iso ya yanke shawara: tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Tun da labari zai zo, gara shi ya riga shi.

Sun iso la'asar ta yi, gindin tsamiya ya cika, ganga na tashi. Mu mata muna gefe wajen rumfar masu ƙuli. Baba Jatau na zaune a kan buzu, layar na wuyansa, Barau na tsaye gefe ya harɗe hannu. Karya-Ƙarfe ya diro daga babur, ya yi tsalle uku don a ga lafiya, ya ɗaga hannu makaɗa suka tsaya.

Ya ce jama'a su shaida, daga birni yake. Ya ji ana ta yabon allurar mutanen Sin, wai babu jikin da ba ta shiga, shi ne ya je ya gwada ta da kansa kafin ya karɓi amanar Baba. Likita ya kawo ta farko, ta lanƙwashe. Ta biyu ta karye. Ya buɗe sabon kwali, ya tattaro ma'aikata suka danna tare. Allura arba'in, duk sun koma ƙugiyar kamun kifi. A ƙarshe likitan ya zauna a ƙasa yana share hawaye, yana roƙon a sayar masa da ko cokali guda na maganin ya aika wa malamansa.

Wuri ya ɗauki sowa. Maroƙi ya fara zuba kirari. Barau ya dubi ƙasa, ya yi maganarsa ta farko a ranar.

"Ina takalmanka?"

"Likitan ya riƙe. Ya ce zai rataye a ƙofa don tabarruki."

Aka sake sowa. Ni dai na ja mayafi na rufe baki.

Baba Jatau ya gyaɗa kai, ya ce to, abin da ya gagari mutanen Sin ai ya gagari kowa. Ya yafito shi. Al'adar kuwa ita ce, mai karɓar laya ba ya karɓa da riga ko hula. Zai tuɓe, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai a gaban Sarki, ya ba jama'a baya. Karya-Ƙarfe ya yaye rawani ya yar, ya cire riga ya wurga wa maroƙi, ya buga ƙirji, ya zube a gwiwa, ya miƙa wuya.

Gangar ce ta fara yin shiru. Sai maroƙi. Sai kowa.

A ƙeyarsa, dama da hagu, allura biyu ne tsaye cir, suna ƙyalli a rana kamar eriyar rediyo. Da ya ja numfashi sai su yi rawa.

Shi bai san dawan garin ba. Ya ji shiru ya ɗauka kwarjini ne, har ya ƙara sunkuyawa. Baba Jatau ya tsaya da laya a hannu, ya matso da ido, ya ja baya, ya sake matsowa. Ya sa yatsu biyu ya zare ɗaya a hankali. Ta yi ta fitowa. Ya ɗaga ta sama, ya juya ta, miƙaƙƙiya sambal.

"Ɗana, arba'in ka ce sun lanƙwashe?"

"Arba'in cif, Baba."

"To, ashe arba'in da biyu ya gwada. Ga biyu sun samu masauki."

Ya miƙa masa a tafin hannu. Karya-Ƙarfe ya dubi allura. Ya kai hannu ƙeya, ya ci karo da 'yar'uwarta. Ya dawo da hannun, a kan yatsansa ga ɗigon jini, bai kai ƙwayar gero ba. Ya dube shi. Idonsa ya juye. Rim, ya kife a gaban buzu.

Daidai nan motar Tunau ta tsaya, ya fito yana ɗaga jan takalmi sama, yana cewa likita na gaida Alhaji Maiwada, ya ce a dawo da allurarsa biyu, kuma a sake zuwa Alhamis mai zuwa.

Baba Jatau ya rataya wa Barau laya. Wani ya rugo da buta zai kwara wa maigidan ruwa. Tsohon ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Yayyafa masa a hankali. Kada ruwan ma ya huda shi."