Littafi na Ɗaya Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙwalla fal ta bayan tabarau, Tela mai shagon ɗinki na kusa da famfo, tare da maigidanta da 'ya'yanta da jikokinta, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da dukan masu kawo mata ɗinki rasuwar Littafi na Ɗaya, babban wa a jerin littattafan nan na Masu Gadon Tsibiri. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da alli, bayan doguwar jinya ta ciwon gadon baya.

Marigayin ya shigo gidan yana sabo fil, bangonsa shuɗi yana ƙyalli, a shekarar da Tela take ɗauke da cikin 'yarta ta fari. Yayarta ce ta kawo shi, ta ajiye mata a cinya ta ce, "Ungo, ki rage zaman jira. Marubucin ya ce guda uku ne kacal. Kafin ki yaye abin da ke cikin nan an gama labari." Abin da ke cikin nan yanzu ita ma ta yaye biyu, marubucin kuwa bai ce ya gaji ba.

Shi dai marubucin nan mutum ne mai natsuwa, gaggawa ba ta cikin halinsa. Na Biyu ya fito 'yar tana rarrafe. Na Uku sai da ta shiga makaranta. Tsakanin Na Huɗu da Na Biyar an sake rufin gida, an rushe kasuwa an gina sabuwa, maigida ya ajiye tuƙin mota ya koma zaman benci a ƙofar shago. Duk sanda sabo ya fito, Tela takan rufe keken ɗinki, ta wanke hannu, ta gyara zama. Sai ta karanta shafi biyu ko uku, ta sauke tabarau kan hanci, ta ce, "Wai wannan kuma ɗan waye?" Daga nan babu makawa sai an je kantar littattafai an ɗauko marigayin, an koma farko, wurin da tsohon matuƙin jirgi ya mutu ya bar tsibiri ɗaya da magada goma sha wani abu.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da haƙuri. Ba a taɓa jin ya yi gori ba. Tambaya ɗaya ake yi masa shekara da shekaru, bai taɓa cewa "ai na gaya miki" ba. Yakan buɗe ne kawai ya sake faɗa, da kalmomin da ya faɗa tun farko, ba ragi ba ƙari. Ba shi da girman kai. Ya yi aikin mafici ranar da aka ɗauke wuta, ya danne takardun awo kada iska ta kwashe su, ya kashe sauron da Allah Ya ƙaddara ajalinsa a bangonsa. Mai zumunci ne. Babu gidan da bai kwana ba a layin nan, kuma bai taɓa dawowa hannu rabbana ba: wani gidan ya dawo da tabon mai, wani da zanen mota na wani jariri mai biro, gidan mai kanti kuwa ya dawo a kumbure bayan ya faɗa bahon wanki, aka shanya shi a rana kamar hatsi. Tun daga ranar bai ƙara rufuwa ruf ba, bakinsa a ɗan buɗe yake kamar mai shirin magana.

Shi ba mai yawan surutu ba ne. A ƙuruciyarsa in an juya shafi yakan ce ƙaras. Da girma ya zo sai ya koma shaf, shaf, a hankali. Maganarsa mafi ƙarfi ita ce fat ɗin da yake yi a ƙasa idan gyangyaɗin bayan azahar ya kwashe Tela, ita kuma ta farka firgigit ta ce idonta biyu, tunani take yi.

A da ba shi kaɗai yake ɗaukar wannan nauyi ba. Yaya tana nan, kuma kan Yaya ba ya zubar da komai. Tela takan ɗaga murya daga bayan keke ta ce, "Yaya, matar mai gadin fitilar nan ba ta mutu ba ne?" Yaya tana warware ɗinki ko ɗagowa ba ta yi, sai ta ce, "Ta mutu a Na Uku. A Na Biyar aka gane 'yar uwar tagwaicinta aka binne. Ke wai da me kike karatu, da gwiwa?" Yaya ta rasu tsakanin Na Shida da Na Bakwai, ba ta san wanda ya gaji tsibirin ba. Tana kwance ta ce da ƙanwarta, "In mutumin nan ya ga dama ya gama, ki karanta ƙarshen da ƙarfi, ko zan jiyo." Tela ta yi dariya a gabanta, ta fita waje ta sha kukanta. Tun daga lokacin aikin tunatarwa ya koma kan marigayin shi kaɗai, ga tsufa. A gefen wasu shafukansa akwai rubutun Yaya da fensir. Wani wuri ta rubuta "Maƙaryaci!" Wani wuri "Kada ki yarda da shi." Shi ya sa ko da 'yar Tela ta ce a sayi sabo a yar da wannan tsumman, kallon da ta samu ya ishe ta amsa.

Ciwonsa ya soma ne daga gadon baya. Aka yi masa gam, ya ɗan samu sauƙi. Aka naɗe shi da salatif har bangonsa ya koma kamar wanda ya yi hatsarin babur. Kusurwoyinsa suka cinye saboda yawan lasar yatsa, lambobin shafi suka bi su.

Ciwon ajali kuwa ya zo ne tare da abin farin ciki. Makon jiya surukin Tela, mijin 'yarta, ya shigo shago yana murmushi da leda a hannu. Na Takwas ne, sabo, mai kauri kamar bulo. Tela ta sallami mai jiran kalmasa ta ce ta dawo gobe. Ta buɗe shafin farko. Wani mutum mai tabo a goshi ya sauko daga kwalekwale, ya tsaya a bakin gaɓa ya ce ya dawo. Nan take duk mutanen cikin littafin suka rikice: wata ta suma, wani ya zare wuƙa, wata tsohuwa ta fashe da kuka. Tela kaɗai ce ba ta san ko wane ne ba.

Ta leƙa ƙofa ta tambayi maigida. Ya ce, "Ni da ban taɓa karanta shiriritar nan ba? Amma dai in mai tabo ne, ƙanen matuƙin ne da ya gudu da taswira." Mai kanti ta ce sam, wanda ya gudu da taswira gurgu ne, mai tabo shi ne wanda kifi ya haɗiye. 'Yarta ta ce, "Mama, kawo in duba miki a waya, minti ɗaya." Tela ta ce wayar da ta taɓa gaya mata mutuwar mai gadin fitila tun tana tsakiyar Na Shida, ba za ta sake ba ta amana ba. Ta duba Na Bakwai, babu mai tabo. Ta bi Na Shida, ta tsallake Na Biyar da ba ya gida, ta gangara har Na Biyu, ta samu masu tabo har biyu, amma ɗaya a kunci ne, ɗayan kuma mace ce. Ranar Talata ta miƙa hannu kan kantar littattafai ta ce, "Taso, tsoho, sai kai."

Ya taso, don bai taɓa ƙin kira ba. Ta ɗora shi a teburin yanka ta buɗe tsakiyarsa, sai aka ji ɗas. Gadon bayan ya rabu biyu. A daidai lokacin aka dawo da wuta, fankar sama da aka manta a kunne ta ɗauka da ƙarfinta. Shafuka suka tashi kamar tattabaru. Wasu suka shige ƙarƙashin keke, wasu suka faɗa kwandon ƙyallaye, wasu suka bi ƙofa suka nufi famfo, maigida yana bin su da gudun da ba a gan shi da shi ba tun yana saurayi.

An yi iya ƙoƙari. An tattaro abin da ya samu, amma da yake lambobin shafi sun cinye, da aka jera aka karanta sai ga matuƙin jirgi ya mutu, ya yi aure, sannan aka haife shi. Tela ta ce ita da ta ɗinke rigunan amare ba za ta kasa ɗinke littafi ba. Ta sa shi a keke ta taka. Allura ta bi gefen takardun da suka riga suka ruɓe ta yanke su tas kamar reza. Aka garzaya da shi wurin mai gyaran littattafai na bayan makaranta. Ya juya shi, ya shinshina, ya cire hularsa ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Da kun kawo shi tun ana Na Biyar." Mai sayar da littattafai kuma ya ce an daina buga shi tun tuni.

Marigayin ya rasu ya bar ƙanne bakwai. Akwai Na Biyu, wanda girman gida ya faɗo kansa alhali shi ma bayansa ba lafiya ba. Akwai Na Uku da Na Huɗu. Akwai Na Biyar, wanda yake gidan mai kanti aro tun bara, ana roƙon a sallamo shi ya zo ya yi bankwana da ɗan uwansa. Sai Na Shida da Na Bakwai, sai auta Na Takwas, wanda har yanzu ba a wuce shafinsa na farko ba. Suruki ya leƙa shafin ƙarshe a ɓoye, ya kuma tabbatar wa iyali cewa auta ba zai daɗe yana auta ba.

Za a yi masa sutura ranar Asabar da la'asar a shagon. Tela ta yanka masa farin yadi mai kyau daga ragowar ɗinki, za a naɗe shi a ɗaure da zare, a sa shi a saman kabad ɗin ɗakinta inda ɓera ba ya kaiwa. Shafukan da ke da rubutun Yaya ba za su bi shi ba, suna cikin aljihun keke. Za a zauna karɓar gaisuwa a bencin ƙofa, kuma ana roƙon duk wanda marigayin ya taɓa kwana a gidansa ya zo da abin da ya tuna na labarin, kowa ya kawo nasa a harhaɗa, ko Allah Zai sa a gane mai tabo. Wanda ya riga ya karanta Na Takwas ya yi gaisuwa daga nesa ya wuce, bakinsa a rufe. Masu ɗinki su ƙara haƙuri zuwa Litinin.

Waɗanda ba za su samu zuwa ba, Tela ta ce kada su wahalar da kansu da yi wa marigayin addu'a, takarda ce. Su juya addu'ar wajen marubucin. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya tsare shi daga hawan jini da hawan babur, Ya kuma ɗan sa masa gaggawa, don mai jiran nasa yanzu sai an zura mata zare a allura.