Littafin da Ke Saman Kantata

Ni dai a aji huɗu na yi sallama da boko, amma da abokan firamarenmu suka buɗe zaure a waya, kowa yana faɗin littafin da yake karantawa, sai na ga shiru ba nawa ba ne.

Akwai wani ƙaton littafin tarihi a saman kantata ta atamfa a Fagge. Na saye shi shekarar da soja suka koma bariki, na ɗora shi can don kwarjini. Na ɗauki hoton bangonsa, na tura, na rubuta: “Kullum bayan asuba sai na ci shafi goma. Wanda bai karanta wannan ba, a duhu yake.”

Aka yi ta jinjina mini. Har Farfesan cikinmu ya ce, “Alhaji, ashe kogi ne kai!”

Ranar Asabar sai ga Emeka, abokin bencina, daga Sabon Gari.

“Mutumina, ara mini, ni ma in fita daga duhun.”

Na hau kujera cikin natsuwa na sauko da shi. Na ji shi sakayau, amma na dake. Emeka na buɗewa, ƙasa ta zubo masa a cinya. Gara ta cinye cikin tas, bango kawai ta bar mini.

Bai yi dariya ba. Ya kakkaɓe wandonsa, ya ɗauki hoton aikin garar, ya tura zauren.

Har yau, in na yi sallama a zauren, Farfesa ne ke fara amsawa: “Malam, ya ɗalibai? Mun ji sun riga ka sauka.”